Wanda Ya Tsaya a Laleli Bai Ga Turkiyya Ba

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da muka daɗe muna lura da ita a wurin 'yan uwanmu masu zuwa sarin kaya Turkiyya daga nan Minna, kuma muna ganin ya kamata a tattauna ta. Mutum zai sha wahalar neman biza, ya haɗa dala da ƙyar, ya bi hanyar Suleja ya isa Abuja, ya yi awa shida da wani abu a cikin jirgi, ya sauka Santambul. Daga filin jirgi sai masauki a Aksaray ko Laleli. Daga masauki sai shaguna, daga shaguna sai wurin masu turo kaya gida, da dare kuma a nemi inda ake sayar da shinkafa da miya irin tamu. Kwana biyar ko shida, an dawo. In ka ce, "Alhaji, yaya Turkiyya?" sai ya ce maka ƙasa ce mai sanyi, mai tsada, kuma mutanenta ba sa jin Turanci. Akwai Hajiyar da ta je sau bakwai ko takwas, amma ba ta taɓa shiga jirgin ruwan da ke tsallaka mutane zuwa ɓangaren Asiya ba, alhali tafiyar ba ta wuce minti ashirin.

Ra'ayinmu shi ne wannan asara ce, kuma ba asarar nishaɗi kaɗai ba. Asara ce ta kuɗi, ta ilimi, har ma ta tsaron 'ya'yanmu.

Mu fara da faɗin ƙasar. Turkiyya ta kai murabba'in kilomita 783,000, wato jiharmu ta Neja, wadda muke alfahari ta fi kowace jiha a Najeriya faɗi, za ta shiga cikinta kusan sau goma. Tana da larduna 81, kuma tun 1941 masana ƙasar suka kasa ta yankuna bakwai bisa yanayin ƙasa da iska. Ɗan abin da ke cikin nahiyar Turai bai wuce kashi uku cikin ɗari ba, sauran duk yana Asiya, a yankin da ake kira Anatoliya. Laleli tana cikin wannan ɗan kashi ukun. Wanda ya tsaya a nan kamar baƙon da ya sauka Kasuwar Kure ne ya yi kwana biyar, ya koma gida yana ba da labarin Najeriya.

Ko a cikin Santambul ɗin ma, abin da ake bari a baya yana da ban takaici. Daga Laleli, da ƙafa za ka taka zuwa masallacin Sulaimaniyya, wanda shahararren magini Mimar Sinan ya kammala a 1557. Tasha kaɗan a jirgin cikin gari za ka isa Aya Sofiya, ginin da aka gama a shekarar 537 a matsayin coci, ya koma masallaci bayan Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan aka sake buɗe shi ga masallata a Yulin 2020. Yana fuskantar masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida. A bayansa kuma fadar Topkapi take, inda aka keɓe ɗakuna ga kayayyakin da ake jingina su ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, waɗanda aka fara kawowa bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, kuma ana karatun Alƙur'ani a wurin ba dare ba rana. Sannan ga unguwar Eyup, inda kabarin Abu Ayyub Al'ansari (RA) yake, sahabin da ya sauki Annabi a gidansa a Madina. Ɗan kasuwar da ya ce ba shi da rabin yini na waɗannan wuraren, to a gaskiya shiri ne bai yi ba.

Kuma kada mu ɗauka mu baƙi ne a tarihin wannan birni. Kakanninmu sun san shi, shi ya sa ma yake da suna a bakin Bahaushe, Santambul. A shekarun 1570 Mai Idris Alauma na Barno ya aika da manzanni zuwa ga Sultan Murad na Uku, kuma Barno ta yi amfani da 'yan bindigar Turkawa a rundunarta. Daular Usmaniyya ke nan ta Turkawa, ba tamu ta Sakkwato ba, domin yara kan rikita su. Mutanen da suka ratsa Sahara a kan raƙuma sun iso fada. Mu da muke zuwa a jirgin sama mun kasa wuce layin masu sayar da doguwar riga.

Abu mafi sauƙi da muke roƙon kowa ya yi shi ne ya sayi katin shiga mota na birnin, ya je tashar Eminonu, ya hau jirgin ruwa zuwa Uskudar. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Kana zaune da kofin shayi, Turai na bayanka, Asiya na gabanka, manyan jiragen dakon kaya na ratsa mashigin Bosforus daga Bahar Aswad zuwa Bahar Rum. Gada uku ce ta haɗa gaɓoɓin biyu, ta 1973 da ta 1988 da ta 2016, ga kuma jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin ruwa tun 2013. Miliyoyin mutane suna kwana a nahiya ɗaya su yi aiki a ɗaya, kamar yadda ɗan Bosso ke zuwa aiki Chanchaga.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda mun san ita ce za ta fi shiga kunnen 'yan kasuwa. Yawancin abin da ake sayarwa a Laleli ba a Laleli ake yin sa ba. Shagunan nan dillalai ne, kuma haya da ladan tafinta da ribar mai shago duk a kan mai saye suke sauka. Tawul da zanen gado, garin Denizli ne cibiyarsu. Kafet na inji, irin wanda muke shimfiɗawa a masallatai da ɗakunan amare, Gaziyantef ce uwar ɗakinsa. Kujeru da gadaje, sai Inegol a lardin Bursa, da kuma Kayseri. Ba muna cewa duk wanda ya je masana'anta zai samu rangwame ba ne; masana'anta tana son mai ɗaukar kaya da yawa, kuma mai jari kaɗan ba zai ja hankalinta ba. Amma mutum biyar ko shida daga Minna in suka haɗa kai suka yi oda ɗaya, maganar ta canza. Ko ba a sayi komai ba, wanda ya ga farashin bakin masana'anta da idonsa ba zai sake yin ciniki a Laleli kamar da ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma a nan yawon buɗe ido da kasuwanci hanyarsu ɗaya ce.

Ɗauki Bursa misali. Tafiyar awa biyu ce ko ɗan fiye daga Santambul, ko ta ruwa ko ta mota. Ita ce babban birnin Usmaniyawa na farko, sun karɓe ta a 1326, kuma kaburburan Usman Gazi da ɗansa Orhan suna kan tudu a tsakiyar gari. Masu bin fassarar fim ɗin Ertugrul a waya, ga inda labarin ya dosa. Kabarin shi Ertugrul ɗin kansa yana Sogut, a lardin Bilecik mai maƙwabtaka. Babban masallacin Bursa mai ƙubba ashirin yana nan tun ƙarshen ƙarni na 14, da wurin alwala a tsakiyarsa, bangonsa cike da rubutun hannu manya-manya. Kusa da shi akwai Koza Han, kasuwar alharini da aka gina a 1491, har yau ana ciniki a cikinta. Da hunturu kuma ana hawa dutsen Uludag a cikin keken da ke tafiya a kan waya, a ga dusar ƙanƙara. Kwana ɗaya tak, mutum ya ga tarihi, ya ga kujerun Inegol, ya koma ya kama jirginsa.

Wanda ya nufi Denizli don tawul, to Pamukkale tana gefen gari. Sunan yana nufin fādar auduga: tudu ne fari fat, ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai yana gangarowa yana daskarewa hawa-hawa, sai ka rantse ƙanƙara ce alhali ƙafarka a ruwan ɗumi take. Ba a hawa da takalmi, kuma da gaske ake tsare wannan doka. Daga can zuwa kufan birnin Afisa kusa da Izmir ba nisa, birnin da 'yan uwanmu Kiristoci suka sani daga Littafi Mai Tsarki. A nan akwai kogon da ake cewa na Ashabul Kahfi ne, sai dai garin Tarsus ma yana da nasa, haka Afshin, kuma kowa na rantsuwa nasa ne na gaskiya. Mai ziyara ya je da wannan sanin, kada mai yi masa jagora ya sayar masa da tabbacin da babu shi.

Antaliya da gaɓar Bahar Rum su ne abin da kamfanonin yawo suka fi tallatawa, otal-otal da bakin teku. Mu ba nan muka fi ba wa muhimmanci ba, domin tsada ce da ita kuma yanayin bakin ruwan bai dace da kowane iyali ba. Abu ɗaya ne muke so mutumin Neja ya je ya gani a can, wato magangarar ruwan Duden da ta Manavgat, kuma za mu faɗi dalili nan gaba.

Tsakiyar ƙasa fili ne mai faɗi, busasshe, mai alkama, zai tuna maka da wasu sassan Arewa. Ankara ce babban birni tun 1923, ba Santambul ba, kuma jirgin ƙasa mai gudu ya haɗa ta da Konya tun 2011, da Santambul tun 2014. A Konya kabarin Maulana Jalaluddin Rumi yake, wanda ya rasu a 1273, kuma duk Disamba garin yana cika da baƙi. Gari ne mai natsuwa da riƙon addini, irin wanda dattijo zai ji daɗin zama. Gabas da ita Kapadokiya take, inda hotunan balan-balan masu ɗaukar mutane da asuba suke fitowa. Hawa balan-balan ɗin tsada gare shi, ba dole ba ne. Kallonsa daga tudu kyauta ne. Abin da ya fi ba mu mamaki a can yana ƙarƙashin ƙasa: garin Derinkuyu, wanda mutanen da suka sassaƙa cikin dutse hawa-hawa zuwa ƙasa, da rumbuna da rijiyoyi da wurin dabbobi da ƙofofin dutse da ake mirginawa a toshe hanya, don ɓuya daga mahara. Duk wanda ya san yadda Gwarawa da sauran mutanen yankinmu suka riƙa hawa kan duwatsu don tsira a zamanin hare-hare, zai gane tunanin nan take.

Gaɓar Bahar Aswad kuwa kore ce shar, ruwan sama kusan kullum, gonakin shayi a kan tsaunukan Rize, ga Tarabzon da tafkin Uzungol da Larabawa suka mayar wurin hutunsu. Gabas mai nisa ƙasar sanyi ce mai tsanani, can tafkin Van yake da dutsen Agri mai tsayin mita 5,137. Sai mai lokaci da rigar sanyi ta gaske.

Inda muke ganin zuciyar mutumin Arewa za ta fi kwanciya shi ne kudu maso gabas, yankin da 'yan kasuwarmu kusan ba sa takawa. Jirgi daga Santambul zuwa Urfa bai kai awa biyu ba. Mutanen Urfa sun gaji labarin cewa a garinsu ne Namarudu ya jefa Annabi Ibrahim (AS) cikin wuta, kuma a wurin da suke nunawa akwai tafki cike da kifaye da ba mai kamawa, ga masallatai kewaye da shi. Malamai ba su haɗu a kan cewa nan ne wurin ba, amma zama a bakin tafkin bayan la'asar, cikin Turkawa da Kurdawa da Larabawa, abu ne da mutum ba zai manta ba. Kudu da garin akwai Harran, da gidajen laka masu tsinin kai kamar rumbunanmu, masu sanyi da rana ba tare da na'ura ba. Mu nan muna rushe ginin ƙasa muna jin kunyarsa, su can baƙi ke biyan kuɗi su shiga su ɗauki hoto. Kusa da Urfa kuma Gobekli Tepe take, inda aka tono manyan ginshiƙan dutse masu zanen dabbobi da aka kafa fiye da shekara 11,000 da suka wuce, wurin da ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2018. Gaba can Mardin, gari na farin dutse a jikin tsauni yana kallon filayen Siriya, sannan dutsen Judi a lardin Shirnak, mai sunan da ya zo a Suratu Hud a ƙissar jirgin Annabi Nuhu (AS). Furatu da Dijla duk daga ƙasar nan suke tasowa. Abinci kuma nama ne da yaji, ba za ka nemi gidan abincin 'yan Najeriya ba. A tuna dai cewa girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta kashe sama da mutum 50,000 a Turkiyya, ta taɓa wannan yanki, ta kuma yi wa Antakiya mummunan lahani; kuma duk mai zuwa kusa da kan iyaka ya tambayi halin da ake ciki kafin ya kama hanya.

Mun san abin da wasu za su ce: a wannan hali da naira take ciki, da tsadar abinci, wa ke maganar yawon buɗe ido? Maganar tana da ƙarfi, kuma ba mu ce kowa ya ci bashi ko ya sayar da fili don ya ga balan-balan ba. Wanda bai sauke farali ba, Makka ce gaba. Turkiyyar ma ba ta da arha kamar da. Hauhawar farashi a can ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022, kuma kuɗin shiga manyan wuraren tarihi yanzu da kuɗin Turai ake ƙiyasta wa baƙi. Maganarmu da wanda ya riga ya biya kuɗin jirgi da biza ne, ɗan kasuwa ko ɗalibi ko mai rakiyar marar lafiya da ya samu sauƙi. Babban kashin kuɗin ya riga ya fita. Ƙarin kwana biyu da tikitin motar dare, wadda take da tsafta kuma take zuwa kusan kowane gari, ba su ne za su karya jari ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi. Saboda waɗanda ke zuwa ba sa dawowa da cikakken labari, 'yan damfara ne ke ba matasanmu labarin Turkiyya. Su ne ke cewa ai ƙofar Turai ce, ka shiga da bizar yawo, sauran mai sauƙi ne. Taswira tana taimaka musu, domin daga gaɓar Izmir ana hango tsibiran Girka da ido, kuma daga Edirne kogi ne kawai tsakani. Abin da ba sa faɗa shi ne mutanen da wannan ɗan ruwa ya ci a kwale-kwalen roba, da waɗanda sanyi ya kashe a bakin kogin, da waɗanda bizarsu ta ƙare suke ɓuya a ɗaki ɗaya su goma, suna aikin dako ba takarda, har ranar da za a kama su a kai sansanin mayarwa gida. Uban da ya zaga ƙasar, ya ga shingayen bincike a hanya, ya ga yadda ake tambayar takardar zama, shi ne zai iya zaunar da ɗansa ya faɗa masa gaskiya, kuma yaron ya yarda.

Sai dalilin da ya sa muka ambaci Duden da Manavgat. Duk ɗan Neja da ya tsaya a gabansu zai ce a ransa, ai Gurara ba ta gaza wannan ba, musamman da damina. Bambancin shi ne hanya mai kyau, wurin ajiye mota, tikiti mai farashi a rubuce, bayan gida mai tsafta, masu shara, da ɗan allo mai bayani. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa Turkiyya ta samu sama da dala biliyan 50 daga baƙi a 2023. Mu ma jiharmu gada ce, tsakanin Arewa da Kudu. Jirgin ƙasan Legas zuwa Kano ta Jebba da Zungeru da Minna ya bi. Zungeru ta riƙe hedikwatar Arewa daga 1902 zuwa 1916, a nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, amma 'yar gadar Lugga ma ɗauke ta aka yi aka kai Kaduna, abin da ya rage kuma ciyawa na cinye shi. Ga Baro da tsohuwar tasharta, ga maƙeran tagulla da masu narka gilashi na Bida, ga tukwanen Suleja da suka kai Ladi Kwali kan takardar naira ashirin, ga dutsen Zuma a kan naira ɗari. Gaskiya ne rashin tsaro a sassan Shiroro da Rafi da dajin Kainji ya fi ƙarfin kowace ƙungiya, kuma ba mai kai baƙo inda shi kansa yake tsoro. Amma shara da allo da horar da matasa biyar su iya ba da tarihin wuri ba sa jiran Abuja.

Don haka ga abin da muke ba da shawara. Masu shirin tafiya sari a watanni masu zuwa su sanar da juna tun kafin a yanki tikiti, a haɗa tafiyar, a keɓe kwana biyu: ɗaya na Bursa da Inegol, ɗaya na Uskudar da Eyup da Topkapi. Mai son Denizli ko Gaziyantef ya nemi abokan oda tun daga gida. Watannin Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su suka fi dacewa da jikinmu, ba zafi ba sanyi. A riƙe fasfo a jiki ko da yaushe, a tuna agogonsu yana gaban namu da awa biyu, kuma kada a wuce ranar da biza ta ƙare ko da kwana ɗaya. Wanda ya dawo kuma ya kawo mana hotuna da farashin abin da ya kashe dalla-dalla, mu sa a wannan shafi don na baya su san abin da za su tanada.